Yadda Masu Ciwon Hanta Suka Samar wa Kansu Murya

Kowace shekara, ranar 28 ga Yuli, asibitoci da ƙungiyoyi a faɗin duniya kan fito da tebura suna gwada jinin jama'a kyauta, albarkacin Ranar Yaƙi da Ciwon Hanta ta Duniya. Tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya ne ke kan ranar yanzu, amma masu fama da cutar ne suka assasa ta, suka yi ta naci har gwamnatoci suka karɓa.

Masana sun riga kowa sanin cutar. A shekarun 1960, wani likita ɗan Amurka mai suna Baruch Blumberg yana nazarin jinin al'ummomi daban-daban, sai ya ci karo da wani sinadari a jinin wani ɗan asalin Ostireliya. Daga baya aka gane alamar ƙwayar ciwon hanta nau'in B ce, kuma wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 1976. Nau'in C kuwa sai 1989 aka gano shi.

To amma cuta ce mai cin mutum a ɓoye. Takan shekara ashirin ko talatin a jiki ba alama, kafin idanu su yi rawaya ko ciki ya kumbura hanta ta riga ta lalace. Wanda ya san yana da ita kuma yakan yi gum, don gudun kada a kore shi daga aiki ko a fasa aurensa. Masu cutar ƙanjamau sun daɗe suna zanga-zanga tun shekarun 1980, kuma ta biya musu buƙata: da aka kafa asusun Global Fund a 2002, ƙanjamau da tarin fuka da zazzabin cizon sauro aka sa a gaba. Ciwon hanta ko ambatonsa ba a yi ba.

Wani ɗan Birtaniya, Charles Gore, wanda aka tabbatar masa da nau'in C a shekarun 1990, ya nemi ƙungiyar da za ta tsaya wa irinsu ya rasa. Shi da wasu masu irin cutar suka kafa Hepatitis C Trust a Landan. A 2007 ya jagoranci haɗa kan ƙungiyoyin marasa lafiya na ƙasashe da dama ƙarƙashin inuwa guda, World Hepatitis Alliance. Ranar 19 ga Mayun 2008 suka yi bikinsu na farko da tambaya ɗaya tak: ko ni ne na 12? A ƙiyasin lokacin, mutum ɗaya cikin kowane 12 a duniya na ɗauke da nau'in B ko C.

Daga nan suka koma bin ministocin lafiya ɗaya bayan ɗaya. A Mayun 2010, Brazil ta jagoranci gabatar da ƙuduri a babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, aka amince da ranar a hukumance, aka mayar da ita 28 ga Yuli, ranar haihuwar Blumberg.

Babban faɗan ya zo ne da zuwan magani. A Disambar 2013 Amurka ta amince da sofosbuvir, maganin kamfanin Gilead da ke warkar da nau'in C cikin mako 12. Kuɗinsa a lokacin dala 84,000, wato dala 1,000 kowace ƙwaya. A Sifaniya, da gwamnati ta riƙa ba da shi ga 'yan ƙalilan, marasa lafiya suka tare a wani babban asibitin Madrid a Disambar 2014, suka shafe watanni suna kwana a ciki, har aka fito da tsarin magani na ƙasa a 2015. Masar, wadda allurar maganin tsargiya da aka riƙa yi da sirinji marar tsabta ta yaɗa cutar a ƙauyukanta, ta karya farashin, ta shiga haɗa maganin a gida, sannan daga 2018 ta gwada mutum sama da miliyan 50.

A 2016 ƙasashen duniya suka ɗauki alkawarin kawar da cutar nan da 2030: rage sababbin kamuwa da kashi 90 cikin ɗari, mace-mace da kashi 65.

Gwagwarmayar ta iso gida Najeriya. A 2022 Danjuma Adda, ɗan jihar Taraba da ke rayuwa da nau'in B, wanda kuma nau'in C ya yi ajalin mahaifiyarsa, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci World Hepatitis Alliance. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manya a Najeriya na ɗauke da nau'in B, duk da cewa rigakafinsa ya shiga jerin alluran jarirai tun 2004.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce mutum miliyan 254 ke da nau'in B, miliyan 50 ke da nau'in C, kuma cutar ta kashe miliyan 1.3 a 2022. Cikin masu nau'in B, in ji rahoton, kashi 13 cikin ɗari ne aka gwada aka tabbatar musu, kashi 3 kacal ke samun magani. Shi ya sa ƙungiyoyin suka mayar da hankali yanzu kan gwajin mata masu juna biyu, da yi wa jariri allura cikin awa 24 da haihuwa.