Abin da Ke Kashe Mutane a Ƙasar Gusau, da Yadda Aka Fara Ƙidaya Shi

In kuka zauna wajen tsofaffin Gusau, ko na Tsafe, ko na Bunguɗu, kuka tambaye su shekarunsu, da wuya su ba ku lamba. Sai ku ji an ce, an haife ni bayan yunwar kaza, ko kuwa ina goye aka yi annobar kaza. Kakanninmu da masifu suke lissafin zamani, kowace masifa kuwa suka raɗa mata suna. Yunwar 1913 zuwa 1914 ana ce da ita Kakalaba. Ta 1942 kuwa a wurare da yawa 'Yar Gusau ake kiranta, domin mutane sun yi ta takowa daga nesa zuwa Gusau neman hatsin saye. Garin a lokacin ya riga ya zama babbar kasuwa, tun da jirgin ƙasa ya iso shi daga Zariya, ana ɗibar auduga da gyaɗa.

To, ku 'yan makaranta, ga tambayar da muke so ku riƙe. Shin waɗannan masifu masu suna su ne suka fi cin rayukan mutanen ƙasan nan, ko kuwa akwai waɗansu da ba a raɗa musu suna ba?

Mu fara da masu sunan, don ba ƙananan ɓarna suka yi ba. Cikin 1918 wata muguwar mura ta game duniya, ta sauka Ikko cikin watan Satumba, ta bi hanyoyin ciniki har ƙasar Hausa. Masana sun kimanta ta kashe wajen mutum 500,000 a Nijeriya. Agana kuwa ta daɗe tana yi wa garuruwa kewaye, wanda ya tsira ta bar shi da zane a fuska, wani har ta makantar da shi. Ita kaɗai ce muka ga bayanta ɗungum. Aka bi gari gari ana yi wa mutane lamba, har ta ƙare a Nijeriya cikin 1970, cikin 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shelar ta ƙare a duniya duka.

Amma sanƙarau shi ne baƙon da ya fi sanin hanyar gidajenmu. Cuta ce da wata ƙwaya ke kawowa, mai zama cikin hanci da maƙogwaro, tana bin numfashi daga wani zuwa wani, balle inda mutane suka cunkushe cikin ɗaki guda ba taga. Lokacinta sananne ne: daga hunturu, sa'ad da ƙura ta busar da maƙogwaro, har zuwa bazara. Da ruwan farko ya sauka sai ta yi sanyi. Cikin 1921 an kimanta mutum fiye da 45,000 suka mutu da ita a Lardin Sakkwato kaɗai, ƙasar Gusau kuwa a lokacin cikin wannan lardi take. Cikin 1996, watau shekarar da aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato, ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Daga 2011 aka shiga yin wata sabuwar allurar rigakafi, ta karya irin ƙwayar da ta saba kawo annoba. Mutane suka ce an huta. Ashe ƙwayar iri iri ce. Ƙarshen 2016 wata irin ta ɓullo a ƙasar Zurmi, kafin damina ta 2017 ta kashe mutum fiye da 1,100 a ƙasa duka, Zamfara kuwa ta fi kowace jiha shan wuya.

Duk waɗannan an san adadinsu, ko da a kimance ne, saboda annoba tana da ƙara. In ta faɗo, dagaci ya gaya wa hakimi, hakimi ya aika wa sarki, likita ya fito rangadi, a rubuta. Mutuwar yau da kullum ba ta da wannan gata. En'e ta zamanin Turawa tana ƙidaya kowace shekara, amma masu biyan haraji take nema, da shanun jangali. Jaririn da ya mutu kafin suna ba ya cikin littafin kowa. Ga shi kuma al'adarmu, in mutum ya cika da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, a zauna makoki, a yi addu'a, a watse. Ba takarda, ba likitan da ya duba ya ce ga abin da ya kashe shi. Har yau, ko da yake akwai dokar rajistar haihuwa da mutuwa, kaɗan ƙwarai ne ake kai labarin mutuwarsu ga hukuma. Mafi yawan mutanen karkara a gida suke cikawa, littafin asibiti kuwa waɗanda suka kai asibiti kawai ya sani.

Saboda haka aikin da aka fara a Nahuce, cikin ƙasar Bunguɗu, ya cancanci ku san shi. Cikin 2010 aka bi gundumomi shida gida gida, aka rubuta kowane mai rai, aka sami mutum wajen 125,000. Sa'an nan ma'aikata suka riƙa komowa bayan 'yan watanni suna tambaya, wa aka haifa, wa ya rasu, wa ya tashi, wa ya zo. Wannan hanya ce ta sanin yawan mutuwa. Ku da kuka yi lissafi kun sani, a ce mutum ɗari sun mutu ba ya nuna kome sai an san cikin mutum nawa ne. Shi ya sa ake faɗinsa bisa dubu: cikin kowane dubu, nawa suka rasu a shekara.

Sanin dalilin mutuwar ya fi wuya, tun da ba likita a wurin. Dabarar da ake yi ita ce, bayan an share makoki, wani ya je ya zauna da wanda ya yi jiyya, ya tambaye shi a hankali. Kwana nawa ya yi yana ciwo? Jikinsa ya yi zafi? Ya yi gudawa? Wuyansa ya sanƙare? Ƙuraje sun fito? A rubuta amsoshin, a kai wa likitoci su auna. Aiki ne mai bukatar ladabi, gama uwa ba ta son a tayar mata da mikin ɗan da ta binne, wata ma kunya ba ta barinta ta ambaci ɗan fari.

Wajen mata masu haihuwa kuwa wata hikima aka yi. Aka tambayi mutane labarin 'yan'uwansu mata da suke ciki ɗaya: su nawa suka isa aure, nawa suka rasu, cikinsu nawa ne suka rasu da ciki, ko wajen naƙuda, ko cikin jego. Da aka haɗa lissafin, aka buga shi cikin 2012, sai ya nuna mata 1,049 ke rasuwa cikin kowace haihuwa 100,000. Watau kowace haihuwa ɗari, uwa guda ta tafi. Ku tuna kuma macen karkara ba sau ɗaya take shiga wannan haɗari ba, sau shida ne, ko bakwai, ko fiye. A Ingila a wannan lokaci adadin wajen 10 ne. Kada ku ce jikin matansu dabam ne. Wajen 1930 su ma suna rasa wajen 400, sai da aka sami maganin ƙwayoyin cuta, da ƙarin jini, da ungozomomi masu horo, sa'an nan abin ya faɗi. Abubuwan da ke kashe matanmu su ne waɗanda suka kashe nasu: zubar jini, da jijjiga, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin bayan haihuwa.

Yara kuwa sun fi kowa yawa a maƙabarta. Binciken da aka yi a ƙasa duka cikin 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba su kai shekara biyar ba. A jihohin arewa maso yamma, inda muke, 187 ne, kusan ɗaya cikin biyar. Ba sanƙarau ne ya kwashe yawancinsu ba. Zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba, wanda ke tsananta daga tsakiyar damina zuwa kaka, sa'ad da kududdufai da fadamun Gulbin Sakkwato suka cika. Sai gudawa, da ciwon haƙarƙari, da ƙyanda, da mutuwar jarirai cikin watan farko. Ƙarƙashinsu duka akwai tamowa, domin watannin zazzaɓi su ne kuma watannin da rumbu ya yi ƙasa, yaron da bai ƙoshi ba kuwa ƙaramin ciwo ya ishe shi. Abin baƙin ciki, maganin yawancinsu ba tsada: gidan sauro, da ruwan gishiri da sukari, da allurar ƙyanda, da maganin rigakafin zazzaɓi da aka fara raba wa yaran Zamfara wata wata cikin damina tun 2015.

Zamanin nan ya ƙaro nasa. Cikin 2010 aka lura yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Aka bincika, ashe gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Abin da ya tona ta shi ne yawan sababbin kaburburan yara, watau ita ma ƙidaya ce ta kama ta.

Sai kuma 'yan bindigar daji. Kwamitin da gwamnatin jiha ta naɗa cikin 2019, ƙarƙashin Muhammad Abubakar, tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, ya ƙidaya mutum fiye da 6,000 da aka kashe a Zamfara tun daga 2011. Ƙasar Tsafe tana cikin waɗanda suka sha wannan bala'i. Amma lissafin nan na waɗanda harsashi ya samu ne kaɗai. In aka tashi ƙauye, an bar gona ba noma, malamin asibiti ya gudu, mai allurar rigakafi ba ya zuwa, mai mota ba ya yarda ya ɗauki mai naƙuda da dare. Waɗanda suka mutu ta haka, in an tambayi danginsu, zazzaɓi za su ce, ko haihuwa, ko gudawa, a kan haka kuma za a rubuta su, in har an rubuta.