Takarda a Aljihu, Bindiga a Ƙugu: Tarihin Ajin Koyon Harbi a Amurka

Ba'amurken da ke neman lasisin yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye cikin tufafinsa, abin da doka za ta nema a wurinsa ya danganta ne ga jihar da yake zaune. A Niyok sai ya zauna a aji na awa 16, sannan ya yi awa 2 yana harbi da harsashi na gaske a gaban malami. A Teksas awa 4 zuwa 6 sun wadatar, kuma tun 2021 yana iya rataya bindigar ko da babu lasisin. A Pennsylvania kuwa ana ba da lasisi ba tare da an nemi shaidar horo ko kaɗan ba. Wannan bambanci ne ya mayar da zaɓen aji da malami nauyi a wuyan mai bindiga, kuma tarihi ya nuna yadda aka kai ga haka.

A farkon ƙarni na 19 ba a maganar horo, domin ɓoye makami shi kansa abin kunya ne. Ana ganin mutumin kirki yana rataya bindigarsa a fili, mai mugun nufi ne ke cusa ta cikin riga. A 1813 jihohin Kentucky da Louisiana suka haramta ɗaukar makami a ɓoye, wasu jihohi suka bi sahunsu.

Maganar koyon harbi ta ɓullo ne ta wata kafa dabam. Bayan yaƙin basasar Amurka, tsofaffin hafsoshi biyu na rundunar Arewa, William Church da George Wingate, sun damu da yadda sojojinsu ba su iya saiti ba. A 1871 suka kafa ƙungiyar ma'abota bindiga ta ƙasa, wadda aka fi sani da NRA, da Janar Ambrose Burnside a matsayin shugabanta na farko. Burinsu a lokacin shi ne a samu mutanen da za su iya samun abin da suka auna. Siyasar bindiga da aka san ƙungiyar da ita yau ta zo ne daga baya.

Lasisi irin na zamani ya yi ƙarfi ne da dokar Sullivan ta jihar Niyok a 1911, wadda aka kafa bayan kisan marubuci David Graham Phillips a kan titi. Dokar ta bar wa hukuma ikon ba wanda ta ga dama, ta hana wanda ta ga dama. Har shugaban NRA na 1934, Karl Frederick, ya shaida wa majalisar dokokin ƙasa cewa ba ya goyon bayan kowa ya riƙa yawo da bindiga, kuma yana ganin a taƙaita abin ga masu lasisi. A irin wannan tsari abin da ake dubawa shi ne matsayin mai nema da sanayyarsa, ba a damu da abin da ya iya ba. Misalin da aka fi ambata shi ne na Martin Luther King, wanda ya nemi lasisi a Alabama a 1956 bayan an jefa bam a gidansa, aka hana shi.

Tilasta wa farar hula zama a aji ya fara ne da mafarauta. A 1949 jihar Niyok ta wajabta darasin kiyaye haɗari ga sababbin masu neman izinin farauta, da taimakon malaman NRA. Wannan salon ne jihar Fulorida ta ara a 1987, lokacin da ta sauya dokarta: duk baligin da ba shi da tabon laifi, kuma ya kawo shaidar ya san bindiga, dole hukuma ta ba shi lasisi. Sai dai shaidar da ake karɓa tana da faɗi, ta haɗa da darasin mafarauta da takardar aikin soja. An cire son rai daga hannun jami'i, aka sa takardar malami a gurbinsa. Tun daga lokacin koyar da ajin lasisi ya zama sana'a mai kawo kuɗi.

Teksas ta shigo ne bayan wani bala'i. A ranar 16 ga Oktoba 1991 wani mutum ya kashe mutane 23 a gidan cin abinci na Luby's da ke garin Killeen. Cikin waɗanda suka tsira akwai Suzanna Hupp, wadda ta bar bindigarta a mota saboda doka ta hana ta shiga da ita, kuma iyayenta biyu suna cikin mamatan. Shaidar da ta riƙa bayarwa ta yi tasiri, har Gwamna George W. Bush ya sa hannu a dokar lasisi a 1995. Dokar ta nemi horo na awa 10 zuwa 15, da jarrabawar harba harsashi 50 daga nisan yadi 3, 7 da 15. A 2013 aka rage awowin zuwa 4 zuwa 6.

A gefe guda, makarantu masu zaman kansu suna gina nasu ilimin. A 1976 Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan Amurka, ya buɗe makarantar da yanzu ake kira Gunsite a Arizona, inda ya tsara dabarun zare ƙaramar bindiga da ƙa'idojin kiyaye haɗari. A 1981 Massad Ayoob ya kafa tasa makarantar, ya mai da hankali kan abin da filin harbi ba ya koyarwa: yaushe doka ta yarda a yi harbi, kuma me zai biyo baya a gaban alƙali. A 1983 wani ɗan sandan Salt Lake City, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa na iya cin tazarar ƙafa 21 cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi. Gargaɗi ne ya yi wa abokan aikinsa, amma da maganar ta yi ta yawo daga baki zuwa baki, wasu suka ɗauke ta tamkar doka ce da ta halatta harbin duk wanda ya matso.

Illar ilimin rabi da rabi ta fito fili a Clearwater ta jihar Fulorida a watan Yulin 2018. Michael Drejka, mai lasisi, ya tayar da gardama kan wurin ajiye mota na naƙasassu. Markeis McGlockton ya ture shi ya faɗi, shi kuma ya zaro bindiga ya harbe shi yana ja da baya. Da 'yan sanda suke masa tambayoyi ya kafa hujja da maganar ƙafa 21. A 2019 aka same shi da laifin kisa, aka yanke masa shekara 20.

Duk da haka, mafi yawan jihohi sassauci suka yi ta ƙarawa. Lasisin Utah ya yi farin jini har ga waɗanda ba mazauna jihar ba, domin jihohi da dama suna amincewa da shi kuma ajinsa ba ya buƙatar a harba ko harsashi ɗaya. Virginia ta karɓi darasin intanet har zuwa farkon 2021. Alaska ta daina wajabta lasisin a 2003, Arizona ta bi a 2010, kuma zuwa 2024 jihohi 29 ba sa buƙatarsa. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli, a shari'ar Bruen, ta soke sharaɗin Niyok na sai mutum ya nuna dalili na musamman. Martanin jihar shi ne ta tsananta horo zuwa awa 18 ɗin da ake yi yanzu.

Abin da wannan tarihi ya bar wa mai neman aji shi ne cewa awowin da jiha ta gindaya sakamakon ciniki ne tsakanin 'yan siyasa, ba su ne ma'aunin ƙwarewa ba. Shi ya sa masu lura suke fara tabbatar da cewa hukumar jiharsu ta amince da malamin, sannan su bincika inda shi kansa ya yi karatu da lokacin da ya sabunta iliminsa. Suna duba ko za a yi harbi na gaske, da yawan ɗaliban da malami ɗaya ke sa wa ido a fili. Suna tambaya ko ajin yana koyar da dokar kare kai ta wannan jihar takamaimai, da wuraren da aka hana shiga da makami, da yadda ake adana bindiga a gidan da akwai yara, da yadda ake magana da ɗan sanda idan ya tsayar da mota. Wannan na ƙarshe ya ƙara nauyi tun 2016, lokacin da wani ɗan sanda ya harbe Philando Castile a Minnesota jim kaɗan bayan ya sanar da shi cewa yana ɗauke da bindiga, alhali yana da lasisinta.

Malamin da ke tallar takarda cikin gaggawa yana sayar da abin da dokar 1987 ta buɗe wa kasuwa. Wanda ya ɓata rabin yini yana koya wa ɗalibansa yadda za su kauce wa rigima tun kafin hannu ya kai ƙugu, shi ne ya haɗa gadon Wingate da na Ayoob, kuma ɗalibinsa ne ya fi kusa da ƙare rayuwarsa bai tsaya gaban alƙali ba.