Sanƙarau a Ƙasar Hausa: Taƙaitaccen Tarihin Bincikensa

Kalmar sanƙarau ta samo asali ne daga aikatau “sanƙare”. Ke nan Bahaushe ya raɗa wa cutar suna bisa alamar da idonsa ya gani, wato ƙagewar wuyan majiyyaci. Amma abin da ke aukuwa cikin jiki, watau kumburin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakka, wannan sai da binciken asibiti aka gane shi.

A shekarar 1887 wani likita a birnin Biyana, Anton Weichselbaum, ya gano ƙwayar cutar. A 1891 kuma Heinrich Quincke na Jamus ya fito da dabarar zuƙo ruwan lakka da allura ta gadon baya. Har gobe, wannan ruwa ne ke tabbatar wa likita irin ƙwayar da yake fama da ita.

A ƙasashenmu, babbar annoba ta farko da aka rubuta labarinta ita ce ta 1905, a arewacin Nijeriya. A 1963 likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya shata iyakar yankin da annobar ta fi addaba, inda ruwan shekara ke tsakanin milimita 300 da 1,100. Jihar Maradi, har da Sabon Maci ta gundumar Dakoro, tana cikin wannan yanki.

Me ya sa annobar ke tashi da rani, ta kwanta da saukar ruwan farko? A shekarun 1970, Brian Greenwood da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun duƙufa kan wannan tambaya. Sun lura cewa mutane da dama na ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro rani da damina ba tare da sun kwanta ba. Bisa ga haka suka ɗora laifin a kan bushewar iska da ƙurar hunturu, waɗanda ke raunana fatar hanci da maƙogwaro har ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini.

Wajen magani, an daɗe ana dogara da allurar kuloramfenikol mai maiƙo, domin guda ɗaya kan wadatar. A 2003 aka yi gwaji a jihohin Maradi da Damagaram, aka tabbatar cewa allurar seftiriyazon guda ɗaya tana yin aiki daidai da ita.

A 2010 aka soma rigakafin MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, ƙwaya jinsin A ta kusa ɓacewa. Sai ga jinsin C ya ɓarke a Nijar a 2015, ya kama mutum fiye da 8,000. Binciken ruwan lakka a cibiyar CERMES ta Yamai shi ya bayyana wannan sauyi. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai kāre jinsi 5.

To, darasin wannan tarihi a fili yake. Suna ɗaya ne a bakin jama'a, amma ƙwayoyin iri-iri ne, kuma suna maye gurbin juna. Iyayen da suka yarda a zuƙi ruwan lakkar ɗansu a likitar ƙauye, sun taimaki ɗansu, sun kuma taimaki ƙasa ta san allurar da za ta tanada kafin rani mai zuwa.