Yadda Katantanwa Ta Ceci Kifayen Warington

Yau da ƙorafi zan fara. Watan jiya na ajiye akwatin gilashin kifina kusa da taga, ga kuma fitila ina bari har tsakar dare, wai don tsirrai su yi kyau. Cikin mako biyu ruwan ya koma kore shar, gansakuka ta rufe ganye, tsirrai suka fara ruɓewa. Da na shiga bincike, ashe matsalar ta girmi kakana.

A shekarar 1849, wani masanin sinadarai a Landan mai suna Robert Warington ya zuba ƙananan kifaye biyu masu ruwan zinare cikin wani babban mazubin gilashi, ya dasa tsiron ruwa da ake kira Vallisneria. Tunaninsa shi ne, tsiro ya ba kifi iskar oksijin, kifi kuma ya ba tsiro kabon dayoksaid, ba sai ana canza ruwa ba. Da farko abin ya tafi daidai. Can sai tsofaffin ganye suka ruɓe, ruwa ya gurɓace, yauƙi kore ya bi jikin gilashin. Me ya yi? Ya kawo katantanwar kududdufi biyar zuwa shida ya zuba. Suka cinye ruɓaɓɓen ganye da gansakukar, ruwa ya washe. A 1850 ya gabatar da sakamakon ga ƙungiyar masana sinadarai ta Landan. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifaye ga jama'a.

Bayan fiye da shekara ɗari, sai ga Takashi Amano, ɗan Niigata ta Japan, wanda aka haifa a 1954. Shi ya yaɗa amfani da wani ƙaramin jatan lande mai cin gansakuka, har yau da sunansa ake kiran jatan landen. Ya kuma nuna cewa haske mai ƙarfi ba tare da isasshen kabon dayoksaid ba, gansakuka kawai yake ciyarwa. Dalili kuwa, tsiro ba ya iya cin moriyar hasken idan iskar ta gaza, ita kuwa gansakuka kaɗan ya ishe ta. A 2015, shekarar da ya rasu, ya shirya wani akwati mai tsawon mita 40 a Lisbon ta Fotugal.

To, ni dai na ɗauki darasi. Na janye akwatin daga taga, na mayar da fitila awa 7 a rana, na rage abincin kifi, ina canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk mako. Sabbin ganye sun fara fitowa, Alhamdulillahi.

Ku fa, awa nawa kuke barin fitilarku a kunne? Ku faɗa mini. Sai mun haɗu a shiri na gaba.