Gidajen Saint Camille na Masu Taɓin Hankali

Saint Camille de Lellis ƙungiya ce ta mabiya ɗarikar Katolika da ke tsinto masu taɓin hankali daga titi, tana kwance waɗanda aka sa a turu, tana ba su masauki da magani a Kwaddibuwa da Benin da Togo. Ta ci sunan wani limamin coci ne ɗan Italiya da ya ƙarar da rayuwarsa wajen jinya, ya rasu a 1614. Wanda ya kafa ta, Grégoire Ahongbonon, ba likita ba ne. Mutumin Benin ne, haifaffen 1953, ya tafi Kwaddibuwa neman arziki a 1971, ya yi facin taya har ya mallaki motocin tasi, sannan karayar arziki ta same shi. Bayan ziyararsa Birnin Ƙudus a 1982 ya haɗa 'yan'uwa masu zuwa dubiya asibiti a Buwake ta Kwaddibuwa, kuma wajen 1990 hankalinsu ya koma kan masu tonon juji tsirara, waɗanda ba mai cigiyarsu. An buɗe gidan farko a Buwake a 1994, na Avrankou a Benin a 2004, daga baya Bohicon da Jugu, inda fataken Hausawa suka daɗe suna yada zango a hanyar Gwanja.

Abin da ya raya waɗannan gidaje, har yaƙin basasar 2002 da ya mayar da Buwake sansanin 'yan tawaye bai rufe su ba, shi ne ba a gina su don a ajiye mutum har mutuwa ba. Ana yanke masa sarƙa, a yi masa wanka da aski, a ɗora shi kan magani mai rahusa. In ya dawo hayyacinsa a koya masa saƙa ko ɗinki ko noma, a nemo danginsa a mayar da shi, ya riƙa zuwa karɓar magani. Da yawan masu girki da masu jinya a gidajen tsofaffin majinyata ne. Wannan ya rage kuɗin albashi, ya kuma zama hujjar da ƙauye ba ya iya musawa: ga wanda aka ɗaure a gindin bishiya bara, ga shi bana yana raba wa wasu magani.

Ana sukar tsarin da ƙarancin likitoci da cunkoso da dogaro kan tsofaffin magunguna masu sa jiki rawa ko sandarewa. Sukar gaskiya ce, sai dai a dubi abin da ake gwadawa da shi. Wanda aka tsinto a juji ba daga gadon babban asibiti aka ɗauko shi ba, daga turu ne ko bakin kwata. Mafi nauyi ita ce maganar ɗaukar mutum ba da yardarsa ba, wadda ke buƙatar idon hukuma komai kyan niyyar mai ɗauka. Fargabar sauya wa marar lafiya addini kuwa, wadda Musulmi zai fara kawowa, maganinta shi ne Musulmi su gina nasu, domin babu ɗarikar da ta mallaki maganin ko sana'ar.

A Kano kuwa, wanda ya fita ta Ƙofar Dawanau ya miƙe hanyar Katsina zai tarar da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Asibiti yana kwantar da ciwo ya sallami mutum. Marar galihu kuma ba shi da inda za shi bayan sallama. Wannan giɓi ne gidajen mari suka cike, har 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Dabarar Saint Camille ma ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, tunda tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata da danginsu a ƙauyukan Aro ta Abekuta. Dokar masu taɓin hankali ta 1958 ta kau, sabuwa ta zo a 2023, amma doka ba ta ciyar da kowa. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, tana da attajiran kasuwar hatsi ta Dawanau. Ya kamata su kafa waƙafin gida irin wannan kusa da asibitin.