Ƴan kwaminis ɗin da suka yaƙi gwamnatin kwaminis a Benin

In aka yi zancen taron ƙasa na Kwatano na Fabrairun 1990, wanda mu ma muka bi sawunsa a Yamai a 1991, sunayen da ake kawowa su ne Kereku, Nicéphore Soglo da limamin kirista Isidore de Souza da ya shugabanci zaman. Ba kasafai ake tuna wata ƴar jam'iyya da ta sha wuyar tafiyar fiye da kowa ba, wato PCD, jam'iyyar kwaminis ta Dahome.

An kafa ta a ɓoye a 1977, Pascal Fantodji ke jagoranta. A lokacin nan Kereku ya riga ya yi shelar bin aƙidar Markis da Lenin tun 1974, ya sauya wa ƙasar suna a 1975, ya bar jam'iyya ɗaya tak, PRPB. Ƴan PCD suka ce wannan mulkin soja ne da aka yi wa jan fenti. Su kam layin Enver Hoxha na Albaniya suke bi, har ma suka riƙe sunan Dahome don nuna ba su yarda da abin da sojan ya shimfiɗa ba.

Ƙarfinsu cikin lakwal yake, wajen malamai da ɗalibai. Da yawansu sun sha duka da ɗauri, wasu aka kai su kurkukun Ségbana can arewa. Da bankuna suka karye, albashi ya yi watanni bai fito ba, yajin aikin 1989 ya tarar da su da mutane a shirye. Malamin da ya taɓa jiran albashi wata uku ya san yadda irin wannan wuta ke kamawa. A Disambar shekarar Kereku ya yi watsi da aƙidar.

Nan ne nake ganin sun yi kuskure. Da aka kira taron ƙasa, suka ƙi zuwa, suna cewa dabara ce ta ceton Kereku, tawayen talakawa kaɗai zai yi. Ba su yi ƙarya duka ba, tunda an yi masa afuwa, ya kuma dawo mulki ta ƙuri'a a 1996. Amma kujerun da suka bari wasu suka zauna, aka rubuta tsarin mulki ba da su ba. Sai a 1993 aka yi musu rijista da sunan PCB. A zaɓen majalisa na 1995 kujera ɗaya suka samu.