Fushin Fezzan

Fushin Fezzan, da Larabci Ghadab Fazzan, gungun matasa ne na kudancin Libiya da suka yunƙuro a 2018 a Sabha da garuruwan yankin. Kokensu ga gwamnatin Tarabulus shi ne tsadar fetur, rashin kuɗi a bankuna, ɗaukewar wuta da rashin tsaro, alhali a ƙasarsu ake haƙo man.

Da aka yi biris da su, a Disambar 2018 suka rufe rijiyoyin Sharara kusa da Ubari, masu fitar da ganga kusan 315,000 kullum. Cikin watan nan Firaminista Fayez al-Sarraj ya taka har wurin, ya yi wa kudu alkawarin dinari biliyan ɗaya. Sai a Maris na 2019 aka koma haƙo man.